Araha Ba Ta Ado: Tsokaci Kan Keken Fatsa Da Halinmu Na 'Yan Ci-Rani

Yau magana ce nake tafe da ita wadda na san wasu za su ce wannan bawan Allah ya rasa abin faɗa ne, duk matsalolin da suka dame mu a Ikko sai ya ɓuge da zancen kamun kifi? To ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin zancen ya wuce kifi.

Ni dai mutum ne mai son fatsa. Duk ranar Lahadin da na samu sarari nakan bar Idi-Araba bayan sallar asuba, in shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, in jefa ƙugiya daga kan duwatsu. Masu wannan sha'awa sun san cewa a jikin sandar fatsa ta zamani akwai wani ɗan keke da ake juyawa da hannu yana naɗe zare, wanda Turawa ke ce wa ril, mu kuma muke ce masa keken fatsa. A kan wannan keke nake son in yi wa kaina da ku faɗa.

A cikin shekara biyu na sayi guda uku, duk masu araha, duk masu ƙyalli kamar kayan lefe. Na farko hannunsa ya karye. Na biyu gishirin teku ya cinye cikinsa har ya riƙa ƙara kamar injin markaɗe. Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai, domin ranar da babban kifi ya kama, irin wanda mutum yake shekara yana jira, sai birkin keken ya maƙale, ya saki da fizga, zare ya tsinke. Ina tsaye ina kallon ruwa kamar wanda aka yi wa sata. Wani dattijo Basarke mutumin Yawuri da ke kusa da ni ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kifin nan bai cuce ka ba, kai ka cuci kanka tun a kasuwa." Na ce, "Baba, ai kuɗin ne babu." Ya ce in haɗa kuɗin guda ukun in gani. Da na haɗa sai na yi shiru.

Bari in yi bayanin inda cutar take, saboda mai kanti ba zai gaya maka ba. Abu na farko shi ne birki. A cikin keken akwai wasu faifai da ke matse juna, aikinsu shi ne idan kifi ya ja da ƙarfi su bar zare ya riƙa fita a hankali, kifin ya yi ta gudu har ya gaji, maimakon zaren ya tsinke. A keke na ƙwarai wannan sakin yana tafiya sumul. A na araha kuwa ko dai ya riƙe gam ko ya saki gaba ɗaya, kuma ba za ka gane ba sai ranar da ka fi buƙatarsa. Na biyu haƙoran giya. Na banza da narkakken ƙarfe mai taushi ake zuba su, sai su side bayan 'yan watanni, alhali na kirki da tagulla ko ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam mai ƙwari ake yin su. Na uku boris. Za ka ga an rubuta 12+1 da manyan haruffa a jikin kwali don a ruɗe ka, amma boris 4 ko 5 marasa tsatsa da aka rufe bakinsu sun fi 13 da ruwan gishiri zai shiga ya kashe. Mu da muke bakin teku wannan shi ne babban abin dubawa, domin ruwan Ikko ba ruwan Argungu ba ne.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a ba jiya suka fara ba. Penn ta Amurka an kafa ta a 1932 a birnin Filadelfiya. Shimano ta Japan, wadda duk mai gyaran keke ya san sunanta, ta fara ne da kayan keken hawa a 1921 kafin ta shiga kayan kamun kifi a 1970. Ba talla nake musu ba, ba su san da ni ba. Abin da nake nufi shi ne, kayan irin waɗannan kamfanoni ana kwance su, a wanke, a sa mai, a canza abin da ya ci, a ci gaba da aiki. Na araha kuwa idan ya mutu sai bola, don babu wanda ya ƙera masa kayan gyara. Sai dai a yi hattara, jabu ya cika kasuwa, suna a jikin kwali ba shaida ba ne. Ka riƙe shi a hannunka, ka juya, ka matse birkin ka ja zaren ka ji ko yana fita daidai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kai kana zancen sha'awa, mu abin miya muke nema. Gaskiya ne, musamman tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, na ga samarinmu da dama a bakin ruwa waɗanda ba wasa ya kai su ba. To ai su ne suka fi kowa cutuwa. Mai kuɗi idan kekensa ya lalace ya yi tsaki ya sayi wani, talaka kuwa jarinsa ne ya tafi. Idan ba ka da halin sabo mai kyau, nemi na gwanjo mai kyau, tokumbo na ƙwarai ya fi sabon banza. Idan shi ma babu hali, ka naɗe zarenka a jikin gwangwani ko katako ka jefa da hannu kamar yadda iyayenmu suka yi, kana tara kuɗi a hankali. Wannan babu yaudara a cikinsa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ya sa muke son araha. Wallahi ba talauci ne kaɗai ba. Hali ne na ci-rani. Mutum ya shekara ashirin ko talatin a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, ya haifi 'ya'ya sun iya Yarbanci sun fi shi, amma har gobe komai zai saya sai ya ce, "Na wucin gadi ne, ai gida za mu koma." Katifa ta wucin gadi, janareta na wucin gadi, kayan sana'a na wucin gadi. Haka kuɗin ke zirarewa kaɗan-kaɗan, nan ba mu mallaki abin kirki ba, can gida ma ba mu aika abin kirki ba. Kuma 'yan uwanmu 'yan kasuwa da ke shigo da tarkacen nan suna rantse wa ɗan uwansu cewa orijina ne, su ji tsoron Allah, domin algus haramun ne ko a Kano ko a Ikko.

Ni dai na tuba. Na yi wata bakwai ina ajiya na sayi guda ɗaya mai kyau, ba ma mafi tsada a kantin ba. Duk ranar da na dawo daga teku nakan ɗauraye shi da ruwan famfo a hankali, in goge, in sassauta birkin kafin in ajiye, lokaci-lokaci in ɗiga masa mai. Yau shekararsa huɗu yana juyawa kamar jiya na saye shi, kuma ina sa ran ɗana ne zai gaje shi.

Wanda ke da ja a kan maganata bismilla, mu haɗu a bakin ruwa ranar Lahadi, kowa ya zo da kekensa. Allah ya ba mu abin da za mu sayi na ƙwarai, ya kuma ba mu hankalin gane shi, amin. Wassalam.