FILIN LAFIYARMU: Daga Hanji Zuwa Ƙwaƙwalwa

Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, ga alama likitoci ma sun yarda da wannan magana.

A zangunanmu duk mun san dattijon da hannunsa ke karkarwa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Mukan ce tsufa ne, wasu ma su ce jifa. Sau da yawa kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai suna Fakinsan, wadda wani likitan Ingila ya bayyana tun 1817. Abin mamaki, masu ita da dama sukan yi shekaru goma ko fiye suna fama da taurin bayan gida kafin karkarwar ta bayyana. A 2003 wani masani Bajamushe, Heiko Braak, ya kawo ra'ayin cewa cutar kan iya farowa daga hanji, ta bi wata doguwar jijiya har ƙwaƙwalwa.

Cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, dubban biliyoyi. Masu amfani daga cikinsu suna cin dusar hatsi da ganye, su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji. Idan tsufa ya zo, haƙora suka zube, cima ta canza, sai masu amfanin su ragu, bangon ya yi rauni, kumburin ɓoye ya daɗe a jiki har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A 2016, a Amurka, an sa wa ɓeraye ƙwayoyin hanjin masu Fakinsan, sai motsinsu ya ƙara lalacewa.

Wani bincike na 2010 kuma ya nuna yaran ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, sun fi yaran Italiya yawan ire-iren waɗannan ƙwayoyi. Mu kuwa da muka shigo birni, mun koma farin burodi da lemon kwalba.

Don haka mu mayar wa tsofaffinmu fura da nono, miyar kuka da zogale, mu daina saya musu kafso a tebur ba izinin likita, domin yana kashe mugu da nagari. Abinci dai rigakafi ne. Wanda karkarwa ko mantuwa ta kama, a kai shi asibiti, akwai maganin da ke sassauta karkarwar. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.