Kyamarar Gado Da Faifan Da Ke Cikin Gwangwani

A duk lokacin da aka zauna rabon gado a gidan wani tsohon babban ma'aikaci, akwai kayan da ba a jayayya a kansu. Gida da gona da mota kowa ya san darajarsu, alƙali ma ya san yadda zai ƙiyasta su. Amma idan aka buɗe tsohon akwatin ƙarfe aka tarar da wata 'yar na'ura mai mariƙi kamar na ƙaramar bindiga, tare da waɗansu faifai masu faɗin tafin hannu da aka naɗe da baƙin zare, sai a ture su gefe ɗaya kusa da matacciyar rediyo, har ranar da ɗan gwangwan zai ratso unguwa da kurarsa ya ɗora su a sikeli. Wannan na'ura ita ce kyamarar silima ta gida. Baƙin zaren nan kuwa fim ne, kuma ta yiwu a cikinsa ne kaɗai motsin marigayin da murmushinsa suka saura a duniya.

Maganar ta shafi Bosso ƙwarai. A shekarar 1976 aka yanke Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka kwaso iyali da komatsai daga Sakkwato, gari ya yi ta miƙewa ta hanyar Bosso. A 1983 kuma aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a harabar tsohuwar kwalejin horon malamai da ke Bosso, malamai da yawa waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje suka zauna a wannan yanki. To, waɗannan shekaru, tun daga kuɗin Udoji da aka biya a farkon 1975 har zuwa faɗuwar darajar naira a 1986, su ne ƙarshen zamanin irin wannan kyamara. Ba kayan kowa da kowa ba ce. Sai manyan ma'aikata da hafsoshi da attajirai da waɗanda suka dawo daga Turai ake ganinsu da ita, kuma wannan ƙarancin ne ya sa abin da suka ɗauka ya zama mai daraja.

Kamfanin Kodak na Amurka shi ne ya fito da fim mai faɗin milimita 16 a 1923, domin waɗanda ba sana'arsu ce silima ba. Irin wannan fim ne motocin majigi suka riƙa haskawa a ƙofar fada da filayen kasuwa a Arewa, inda jama'a suka kalli Baban Larai da labaran rangadin Sardauna. A 1932 aka fito da mai milimita 8, wanda ya fi araha, sa'an nan a 1965 aka fito da Super 8, wanda fim ɗinsa ke zuwa a rufe cikin ɗan akwatin roba, sai dai kawai a cusa a rufe ƙofa. Kamfanoni irin su Canon da Elmo da Sankyo na Japan, da Eumig na Ostiriya, da Bauer na Jamus, suka cika kasuwa da kyamarori. Bidiyo ce ta kashe musu kasuwa, domin kaset ba ya bukatar wanki kuma ana iya gogewa a sake ɗauka.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, aikin wannan na'ura ba sihiri ba ne. A gefen fim akwai ƙananan huji a jere. Wata 'yar ƙugiya ce take shiga hujin ta jawo fim ƙasa gwargwadon hoto ɗaya, ta sake shi ya tsaya cik, wani marfi mai juyawa ya buɗe haske ya shiga, ya rufe, ƙugiya ta sake jawowa. Haka ake yi sau 18 a cikin sakan ɗaya. Ke nan kyamarar ta fi kusa da keken ɗinki da agogo a kan wayar hannu, kuma shi ya sa take gyaruwa bayan shekara hamsin, alhali wayar da aka saya bara idan allonta na ciki ya ƙone sai juji.

Iri biyu ne. Akwai masu sifirin, waɗanda ake wana su kamar agogon bango, irin su Bolex ta ƙasar Suwizalan da Filmo ta kamfanin Bell & Howell. Waɗannan ba ruwansu da batir, wani ɗaya yakan ba da aikin kimanin rabin minti. Da irin wannan Bell & Howell ce, wadda ya saya ta hannu a Faris, Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi Kogin Kwara a kwalekwale a 1946 zuwa 1947 yana ɗaukar fim. Ciwonsu ɗaya ne galibi: giris ɗin da aka sa tun a masana'anta ya bushe ya zama kamar ƙaro, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi. Alamar ita ce a ji ƙarar injin tana hawa da sauka, ko ta tsaya kafin wanin ya ƙare. Magani shi ne a kwance, a wanke tsohon giris, a ɗiga man agogo kaɗan a inda ya dace. Ba a tsiyaya mata man inji, balle man gyaɗa, domin mai idan ya yi yawa yakan bi ya ɓata fim da gilashi. Gidan sifirin kuwa kada wanda bai ƙware ba ya buɗe shi, gama ƙarfen da ke naɗe a ciki idan ya kubce yana iya yanke yatsa.

Iri na biyu su ne masu batir, watau yawancin Super 8. A nan babban abokin gaba shi ne batirin da aka manta a ciki tun zamanin Shagari. Yakan fashe ya zubo da farin gari mai cin ƙarfe, ya bi waya har cikin na'ura. Sau da yawa kyamarar da aka yanke wa hukuncin mutuwa ba abin da ke damunta sai wannan. A ɗan jiƙa auduga da ruwan lemon tsami a goge wurin, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai, a kankare bakin ƙarfen har ya yi haske, idan waya ta cinye a canja ta. Bayan wannan akwai ƙaramin batir na ma'aunin haske, wanda a waɗansu kyamarori daban yake. Na asali mai sinadarin zaiba ne, ƙarfinsa bolt 1.35, kuma an daina yinsa saboda gubarsa. Masu gyara sukan maye gurbinsa da batirin na'urar taimaka wa ji, mai bolt 1.4, wanda ya yi kusa da shi, ko da yake ba ya daɗewa. Inda gyara yake cijewa shi ne idan haƙoran roba na cikin injin sun tsage, domin babu kantin da ke sayar da sababbi. Sai dai a samo wata matacciyar kyamara irinta a ciro, wanda ya nuna cewa ko mataccen ma bai cancanci sikeli ba.

Sai kuma gilashin gaba. Damina a Minna tana da tsawo, kuma laimar watan Agusta da Satumba ita ce ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, wadda ake gani kamar saƙar gizo idan aka haska tocila. Idan an tare ta da wuri tana goguwa. Idan ta daɗe takan cinye rufin gilashin, hoto ya riƙa fitowa kamar an ɗauka cikin hazo. Jakar fatar da aka sayo kyamarar da ita, wadda ake zaton kariya ce, ita ce ta fi tara laima.

Su wa za su yi wannan aiki? Ba masu gyaran waya ba, waɗanda sana'arsu cire wannan a sa wancan ce. Masu gyaran agogo da tsofaffin masu gyaran rediyo da keken ɗinki su ne hannunsu ya san ƙananan sukurori da sifirin, kuma duk mai zagaya kasuwa ya san teburansu suna raguwa, yaransu sun koma sayar da caja. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an same ta.

Game da ɗaukar sabon fim, gaskiya ita ce abin na masu hali ne. Kodak na yin fim ɗin Super 8 har yanzu, ya ma dawo da Ektachrome mai launi a 2018. Sai dai akwati ɗaya ƙafa 50 ne, hoto 3,600, watau minti 3 da sakan 20 kacal, kuma da kuɗin waje za a saye shi, galibin masu wanke shi kuma a Turai da Amurka suke. Ko a da ma haka abin yake: akan sa fim ɗin Kodachrome a ambulan a aika Ingila ko Suwizalan, a jira makonni kafin a ga abin da aka ɗauka. Wannan tsada ta koya wa mutanen da ladabi. Wanda ya san minti uku gare shi ba ya danna maɓalli sai ya ga abin da ya isa ɗauka, saɓanin yau da ake cika waya da bidiyon biki na awa biyu wanda ko amarya ba za ta kalla ba. Kodachrome kam ya tafi: an daina yinsa a 2009, ɗakin wanki na ƙarshe a Jihar Kansas ta Amurka ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010. Wanda ya tarar da irinsa a cikin kyamara ba a wanke ba, yanzu sai dai a fitar masa da shi baƙi da fari, in an yi sa'a.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Kyamara idan ta lalace akwai dubbanta a duniya. Faifan da aka riga aka ɗauka shi ne ba shi da na biyu, domin irin fim ɗin da ake amfani da shi a gida, wanda ya shiga kyamara shi ne ake wankewa a dawo da shi, babu wani kwafi a ko'ina. Jikin yawancinsu kuwa na wani sinadari ne da zafi da laima ke narkarwa sannu a hankali. Alamar farko wari ne mai tsami da ke bugun hanci da zarar an buɗe gwangwani. Daga nan fim ya fara ƙanƙancewa, ya kanannaɗe, ya yi ƙarfi, daga bisani ya farfashe. Ciwon yana ciyar da kansa, kuma tururinsa yana harbin faifan da ke kusa, saboda haka mai wari a ware shi. Masana adana fim sun ƙiyasta cewa ko a ɗaki mai matsakaicin sanyi ciwon na iya farawa bayan kimanin shekara 40. To, ina ga akwatin da ke saman kabad, ƙarƙashin rufin kwano, a zafin watan Maris na Minna? Faifan 1978 ya riga ya wuce wa'adinsa. Abin da zai kwantar da hankali shi ne, fim mai milimita 8 da 16 ba irin mai kama wutar nan ba ne na tsofaffin gidajen silima.

Babbar ɓarna kuma ɗoki ne ke jawo ta. Da an ga faifai sai a nemo tsohon injin majigi a jona wuta, a tara yara. Injin da ya yi shekara talatin a ajiye bel ɗinsa na roba ya narke, hanyar fim ta yi datti, kuma fim ɗin da ya ƙanƙance hujinsa ba ya dacewa da haƙoran injin. Cikin minti ɗaya sai a yage abin da ya tsira shekara arba'in, ko fim ya maƙale a gaban ƙwai ya ƙone ana kallo. Hanyar da ta dace ita ce a warware shi da hannu a hankali a duba, a gwada injin da faifan da ba a damu da shi ba, mafi kyau kuma a kwafe shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta, sa'an nan a adana na asalin, kada a yar.

Wani zai ce mene ne a ciki ban da suna da biki da hawan salla? A 1963 wani mai sana'ar tufafi a Amurka, Abraham Zapruder, ya fita da kyamararsa mai milimita 8 don ya ɗauki wucewar Shugaba Kennedy, sai ya ɗauki kisansa. Fim ɗin sakan 26 ne, kuma a 1999 aka yanke cewa gwamnatin Amurka ta biya iyalinsa dala miliyan 16. Ba a cewa kowane gwangwani a Bosso yana ɗauke da irin wannan. Amma wanda ya ɗauki ɗansa yana wasa ya ɗauki abin da ke bayansa ba da niyya ba: tashar jirgin ƙasa lokacin da take cike da fasinja, matan Gwari da kaya a kafaɗa suna shiga kasuwa, gonakin da yanzu suka zama unguwanni, garin Abuja kafin a sake masa suna Suleja. Majigin gwamnati abin da hukuma ke so a gani ya ɗauka. Yadda mutane suka zauna a tsakar gida, da irin ɗaurin ɗankwalinsu da tafiyarsu, sai a faifan gida.

Kuma kada a ce sai gwamnati ta zo ta adana. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi cikin tarin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da hukuma ta kashe wa kuɗi ya sha wannan, faifan gidan malam sai iyalinsa.

Duk da haka akwai abin da hukumomi za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A Jos akwai ma'adanar fina-finai ta ƙasa, kuma tun 2019 Jami'ar Jos take koyar da adana fim a matakin digiri na biyu. A Bosso kuwa ga jami'ar da ke horar da injiniyoyi. Tun 2003 ake ware rana guda a shekara a ƙasashe da dama, inda jama'a ke kawo faifansu na gida masana su duba musu kyauta, a haska wanda ke da lafiya. Babu abin da zai hana a yi haka a harabar Bosso, a gayyato mutanen Jos da kayan aikinsu, a zaunar da tsofaffin masu gyaran agogo kusa da ɗalibai, a kwafe wa kowane gida nasa a bar wa jiha kwafi da yardar masu shi. Kafin wannan, wanda ke da faifai ya sauko da shi daga saman kabad, ya cire shi daga leda, ya kwantar da shi a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, ya kuma zauna da tsohuwar da ta san waɗanda ke ciki, a rubuta sunaye da shekara da wuri a jikin gwangwanin tun tana iya tunawa.