Ƙofar Injiniya, Ƙofar Ɓarawo

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganar nan ta tabbata a ƙasar Yukiren ran 23 ga watan Disamba 2015, sa'ad da ma'aikatan wani kamfanin rarraba wutar lantarki suka ga 'yar kibiyar kwamfutarsu tana yawo da kanta, tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni uku abin ya shafa, masu karɓar wuta wajen 225,000 suka rasa ta a tsakiyar hunturu, waɗansu har awa 6.

To, ta ina aka shiga? A manyan masana'antu akwai manhaja da ake kira SCADA, ita ke lura da injuna, ta kunna ta kashe. Domin injiniya ya iya aiki daga nesa, akan buɗe masa keɓantacciyar hanya ta intanet, watau VPN. Maɓarnatan sun fara aika wa ma'aikata wasiƙun imel na yaudara, suka saci sunayensu da kalmominsu na sirri, kana suka bi wannan hanya salin-alin, gama ba a saita ta yadda za ta nemi wata shaida ta biyu ba.

Bugu da ƙari, injuna da yawa suna karɓar umarni ta tsarin Modbus, wanda aka fito da shi tun 1979. Shi kuwa ba ya tambayar mai ba da umarni ko shi wane ne. Wanda duk ya iso, an yi masa biyayya.

Saboda haka wajibi ne mai saita wannan ƙofa ya sake kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masu ƙera ta. Kowane ma'aikaci a ba shi tasa, haɗe da lambar shaida ta biyu. A raba kwamfutocin ofis da na injuna. Ɗan kwangila kuwa a buɗe masa lokacin aiki kaɗai, a rubuta shigarsa da fitarsa, in ya gama a rufe.

Kada kuma a yar da aikin hannu. Abin da ya ceci mutanen Yukiren shi ne ma'aikata sun tafi tashoshin da kansu, suka mai da wuta da hannu. Rigakafi dai ya fi magani.