Tsohuwar Hanyar Jirgi a Hannun Mahaya Keke

A jihar Misuri ta Amurka, an mayar da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa turbar kekuna mai suna Katy, mai tsawon kusan kilomita 390. An shimfiɗa mata tsakuwa, aka hana motoci bin ta. Wasu manoman da ta ratsa gonakinsu sun yi ƙorafin cewa filin ya kamata ya koma hannunsu, tunda jirgi ya daina bi. Kukansu abin saurare ne, sai dai maganinsa diyya ce, domin hanyar da aka yayyanka da wuya ta sake haɗuwa. Dokar 1983 da ta adana irin waɗannan hanyoyi ta yi hangen nesa. Ƙauyuka suna cin kasuwar mahaya yanzu, jirgi kuma yana da wurin komowa.