Mayafin haɗe-haɗe ga majinyaci: zaɓi wanda za ki gama cikin kwana uku

 Tambayar wannan mako daga Zonkwa ta fito. Wata 'yar'uwa ce ƙawarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta daga asibiti, yanzu tana kwance a gida, ga hunturu ya kankama. Tana da buhun guntayen atamfa, tana so ta ɗinka mata mayafi da hannunta, amma ta rasa wane salo za ta zaɓa.

Amsar a taƙaice ita ce: zaɓi wanda zai ƙare cikin kwana biyu ko uku. Duk wanda ya taɓa kwana a Zonkwa, Kagoro ko Kafanchan a watan Disamba ko Janairu ya san sanyin asubahin yankin. Lafiyayye zai tashi ya motsa jiki, amma wanda ke kwance ba shi da wannan dama. Tsofaffi da masu sikila su ma sanyi na wahalar da su, domin yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Mayafi mai zanen taurari da ƙananan yanka-yanka zai iya cin wata guda, kafin a gama zafi ya fara shigowa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Salo biyu ne suka fi sauri. Na farko shi ne manyan gidaje masu kusurwa huɗu. Yanki kwali mai inci 10 tsawo da faɗi, ki riƙa ɗora shi a kan yadi kina yanka. Guda 35 kike buƙata. Jera biyar-biyar a layi bakwai, ki bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe. Za ki samu mayafi mai kimanin inci 45 a faɗi da 63 a tsawo, wanda zai rufe babba daga ƙirji zuwa ƙafa, kuma ba zai ja ƙasa ba a gadon asibiti.

Na biyu ya ma fi sauƙi: dogayen layuka. Yanka yadin inci 6 a faɗi, tsawonsa kuma inci 45. Inda guntu bai kai ba, a yi masa ƙari da wani. Layi 12 za su ba ki inci 60. Haka masaƙanmu na dauri ke haɗa ƙananan ƙwaryar saƙi har su zama gwado. Idan guntayenki dogaye ne, bi salon layuka. Idan ƙanana ne, bi na gidaje. In kuma ba su isa ba, leƙa wurin teloli a kasuwar Zonkwa ko ta Kafanchan, ba a rasa ragowar yanka.

Kada ki damu in kusurwa ba ta haɗu daidai ba. A Bangladesh da gabashin Indiya mata sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwa su ɗinke su da hannu, su yi mayafin da suke kira kanta, kuma laushinsa ake so, ba daidaiton layi ba. Abin lura kawai shi ne ki raba launuka, mai duhu kusa da mai haske.

Mayafin hawa uku ne. Sama haɗe-haɗen, tsakiya siririn bargo ko tsohon gwado, ƙasa kuma tsohon zane na auduga wanda wanki ya tausasa, domin shi ne zai taɓa fata. Shimfiɗa na tsakiyar a ƙasa, ki ɗora zanen fuskarsa na kallon sama, sannan ki kifa haɗe-haɗen a kai. Ɗinke kewaye da keke, ki bar ƙofa kamar inci 12, ki juyo shi ta nan, ki rufe da allura. Maimakon bin dukan mayafin da ɗinki, ɗauki zare mai kauri ki ƙulla hawa ukun a kowace kusurwa da tsakiyar kowane gida. Ƙullin ya kasance ta sama, ba ta gefen jiki ba.

Yanzu ga ɓangaren lafiya. Wanke dukan yadin kafin ki yanka, musamman sabuwar atamfa da bargon gwanjo, don sitaci da rini da ƙura su fita. Guji leshi, duwatsu, maɓalli da zif. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, abu zai iya gurje shi bai sani ba, kuma daga nan gyambon kwanciya ke farawa. Mayafin kada ya yi nauyi, domin ana so a riƙa juya majinyacin da ba ya iya motsi kamar duk awa biyu, kuma mai jinya ce za ta riƙa wankewa. Wanda ya bushe a yini guda shi ne daidai.

Idan jiki ya yi zafi, ba a jibga wa mutum bargo, musamman yaro. A rage lulluɓi, a je a auna shi. Jariri kuwa ba a rufa masa irin wannan mayafi. Idan majinyacin yana kwance a asibiti, ko na St. Louis da ke Zonkwa ko babban asibitin Kafanchan, a tambayi nas kafin a shigar da shi. Lokacin rani ne zazzaɓin Lassa ya fi yawa, kuma yana bin jini, fitsari da amai. Inda ake zarginsa, kada a kwaso kayan shimfiɗa zuwa gida don wanki. Tarin fuka kuwa ta iska yake yaɗuwa, ba ta mayafi ba, saboda haka babu dalilin ƙyamar kayan mai shi. Sannan mayafi mai ɗumi ya fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kisa ba tare da an ji wari ba.

Idan aikin ya yi miki yawa, kira ƙawaye daga zumuntar mata ko Islamiyya. Ɗaya na yanka, ɗaya na kan keke, biyu na ƙulli, kafin yamma an gama. Kowacce ta kawo guntun zanen da majinyaciyar ta san ta da shi, ko na ankon wani biki da kuka yi tare. Mai doguwar jinya ta fi jin kaɗaici bayan makonnin farko, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Don haka kada a aika yaro da mayafin. Ku kai da kanku, ku zauna ku yi hira, ku karɓi mai jinya ta ɗan runtsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.