SORAZ: abin da kamfani ke bin ƙasa da abin da ƙasa ke bin kamfani

A watan Maris na 2025, hukumomin Yamai suka umurci wasu shugabanni uku 'yan ƙasar Sin na kamfanonin CNPC, SORAZ da WAPCO su bar Nijar. Babban dalilin da gwamnati ta bayar shi ne tazarar albashi tsakanin ma'aikatan waje da 'yan ƙasa.

Tun 2011 matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut a jihar Damagaram take aiki, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. CNPC na da kashi 60 cikin 100, Nijar kashi 40. Dabarar kamfanin a fili take: ya zuba jari mai yawa, ya riƙe manyan kujerun fasaha da na kuɗi, ya maido da dukiyarsa.

Sai dai wannan lissafi ya manta da mutane. Gina aji ko rijiyar burtsatse a ƙauye abu ne mai kyau, amma injiniyan da ya shekara goma bai hau kujerar shugabanci ba, ba zai ɗauke shi a matsayin adalci ba.

Ita ma gwamnati hannunta a ɗaure yake, domin a Afrilun 2024 ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, bashin da za a biya da ɗanyen mai. Mai neman rance ba ya iya tsananta wa mai ba shi.

Abin da mazauna Damagaram za su sa wa ido yanzu shi ne: 'yan ƙasa nawa ake horarwa, kuma yaushe za a miƙa musu ragamar matatar.