ISKAR HAIDUROJIN DA CIWON NUMFASHI: INA HUJJA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk lokacin da hunturu ya shigo, ƙura ta turnuƙe Batagarawa da kewayenta, masu ciwon asma da tari su ne suka fi jin jiki. A irin wannan hali ne tallar "ruwan haidurojin" da na'urorin shaƙarsa take yawo a wayoyin jama'a, ana cewa maganin ciwon huhu ya samu. Wajibi ne mu tsaya mu tantance.

Maganar tana da asali. A shekarar 2007, Farfesa Shigeo Ohta da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa shaƙar haidurojin kaɗan tana rage lalacewar ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan an toshe mata jini. A 2020 kuma, likitocin ƙasar Sin ƙarƙashin Zhong Nanshan sun shaƙa wa masu cutar korona haidurojin haɗe da oksijin, suka ba da rahoton sauƙin numfashi. To amma ɓera ba mutum ba ne. Majinyatan na Sin kuwa ba su kai ɗari ba, kuma kowa ya san abin da aka ba shi, wanda hakan yana raunana hujja a wurin masana. Bugu da ƙari, iskar tana iya kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. Bincike ne da ke kan hanya, bai zama magani tabbatacce ba.

Mu da muka yaƙi tsibbu da camfi, muka ce ba ma karɓar magana a addini sai da dalili, yaya za mu miƙa wuya ga ɗan kasuwa don kawai ya ambaci kimiyya? Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin aiki da shi. Sunna kuma ta kwaɗaitar da neman magani, ba ta halatta yaudarar mara lafiya ba.

Saboda haka, kada mai asma ya ajiye abin shaƙarsa da likita ya rubuta. Wanda tarinsa ya kai mako 2 ya je a gwada majinarsa, domin maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma sai an cika wata 6 ana sha. Magidanta su fitar da murhun itace daga ɗaki, saboda hayaƙi yana cin huhun mata da yara.

Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua nan a kan hanyar Dutsin-Ma, a ƙofar gidanmu. Mu tura 'ya'yanmu su karanci kimiyya, domin ilimin likitanci farilla ce ta kifaya, kuma al'ummar da ba ta da masu tantancewa ganima ce ga kowane mayaudari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Amin.